Romon Kaza a Bakin Ƙofa

Anti LaRue,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata komai. Ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda na sani a garin nan ya san Mama, galibinsu ma sun fi ni sanin halin da take ciki.

Shekarata ashirin da huɗu. Bara na gama digiri a fannin tarihi, sannan na miƙa kaina aikin mishan, wato hidimar wa'azi ta cocinmu, kamar yadda yayyena maza biyu suka yi. Bridger ya yi nasa a Chile, Ammon a Filifin. Ni kuwa tun ina firamare nake fama da ciwon hanji, wanda ba ya warkewa sai dai ya lafa. Saboda haka da kirana ya zo daga coci, sai aka ce mishan ta hidima zan yi: in zauna a gidanmu, in riƙa fita aiki in dawo. Ranar da na buɗe takardar kiran dangi sun cika falo, kowa ya soka allura a taswirar duniya yana cankar ƙasar da za a tura ni. Kawuna ya ce Finland. Da na karanta sai aka yi tafi da ƙarfi fiye da kima. Babu wanda ya canka daidai, taswirar ma ba ta nuna garinmu ba.

Yanzu na yi 'yan watanni a ciki. Da safe ina rumbun abinci na coci, inda iyalan da rayuwa ta matse suke zuwa ɗaukar kaya da izinin bishop, wato shugaban cocin unguwa. Ina jera gwangwanaye, ina tura keken kaya, ina goge firij. Wasu ranakun ina shagon gwanjo, ina ware tufafin waɗanda suka mutu da na waɗanda suka yi ƙiba. Ba na raina aikin, ki yarda da ni. Abin da aka fara koya mana a rumbun shi ne rashin gani. Idan malamin da ya koya miki lissafi a sakandare ya shigo ɗaukar gari da madara, ki cika masa keke da fara'a, ranar Lahadi kuma ki gaishe shi a coci kamar rabonki da shi tun bara. Na ƙware a wannan. Ban san a gida zan fi amfani da shi ba.

Na zaci raini ne zai dame ni. Akwai shi kuwa. Har yanzu akwai tsohuwar da take riƙe hannuna duk Lahadi tana tambaya yaushe zan tafi. Amma wannan ƙaramin abu ne. Girmamawa ce take neman kashe ni.

Mama ta ƙudurta cewa 'yarta ba za ta yi mishan rabi-rabi ba. Duk abin da aka yi wa yayyena sai an yi mini. Tun ranar da aka ɗora mini hannu aka yi addu'a, aka maƙala mini baƙin bajon nan mai sunana a ƙirji, ba ta sake kirana da sunan da ta raɗa mini ba. Na koma Sista Nebeker (ba shi ne sunanmu ba, aro na yi). "Sista Nebeker, ga ƙwai." "Sista Nebeker, kin manta safar hannunki." An cire ni daga zauren hirar iyali na waya, wai 'yar mishan ba ta ɓata lokaci a can. In na shigo falo Baba ya kashe talabijin da sauri kamar an kama shi da sigari, wai 'yar mishan ba ta kallo. Duk Litinin ina zama a ɗakina na sama in rubuta saƙon mako zuwa gida, yadda 'yan mishan suke yi, ina jin ƙarar cokalin Mama a kicin. Ita kuma ta tura wa dangi, sannan ta amsa mini: "Mu nan duk lafiya lau, dusar ƙanƙara ta fara sauka." Anti, taga ɗaya muke kallo. Kwanaki ta aiko mini ƙunshin safa da alewa ta gidan waya. Ya bar gidanmu a motarta, ya zaga gari, ya dawo gidanmu. Mai kawo wasiƙu ya dubi adireshin mai aikowa, ya dubi na mai karɓa, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da lada."

Da farko dariya nake yi. Na san ƙauna ce. Tana tsoron kada in ji kamar tawa ba ta kai ta su Bridger ba. Sai dai su an raba su da gida aka ba su abokin tafiya, wanda suke ci tare, su yi faɗa, su shirya. Ni ba a ba ni abokiyar tafiya ba, don an ce ina da iyalina. Iyalin kuma sun tattara ni sun tura ƙasar waje a ɗakin sama.

Duk wannan da zan jure. Ga abin da ya sa na rubuto.

Kwanukan abinci sun fara zuwa gidanmu. In na dawo da yamma sai in tarar da su a kan tebur, kowanne da ɗan salatif a gindinsa mai sunan matar da ta kawo. Ke ma 'yar kwarin nan ce da garinmu yake ciki, kin san kwano ba ya zuwa haka kawai. Na tambayi Mama, sai ta ce, "Ke ake ciyarwa mana! Yaushe aka daina ciyar da 'yan mishan?" Na ce, "Mama, da romon kaza marar gishiri?" Ta ce, "To ai sun san cikinki." Ko gezau ba ta yi ba. Da ta yi lauya da ta yi suna.

Amma ni a cikin romon nan na girma. Na san abincin da ake yi wa 'yan mishan: a gayyace su gida, a cika su da nama da dankali mai cuku, a tura musu kek har su kasa tashi. Na kuma san wanda ake yi wa gidan marar lafiya: romo tsararo, burodi mai laushi, a ajiye a bakin ƙofa, a danna ƙararrawa, a koma mota da sauri don kada a tayar da mai hutawa. Shekaru aka yi ana kawo shi gidan nan saboda ni. Ba da ni ake yi ba wannan karon. Ni tun da na fara mishan cikina bai motsa ba.

Akwai sauran abubuwa. Duk Laraba, da zarar na fita, ita da Baba suna kama hanyar birnin Salt Lake, su ce sun je ganin Gwaggo. Gwaggon da ba sa shiri da Mama tun bikin Ammon. Ranar Alhamis Mama ba ta saukowa karin kumallo, Baba ne yake ƙona ƙwai. Ta bar yin waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Ta sayo ɗankwalaye masu laushi ta ɓoye a bayan tawul, macen da ban taɓa ganin ta rufe gashinta ba ko a cikin sanyi. Yayyena da sai an yi wata ba su kira ba, yanzu kullum suna kan waya, ita kuma ta shige ɗakin wanki ta kunna inji. Wato sun sani. Su sun gama mishan, sun dawo cikin mutane.

Ranar nan na dawo da wuri, na ci karo da maƙwabciyarmu Sista Jeppson a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta karkatar da kai, kin san irin karkatarwar, ta ce, "Ya jikin..." Sai idonta ya faɗi a kan bajona. Ta haɗiye sauran, ta ce, "Ya aikin Ubangiji, Sista?" Na ce lafiya lau. Na karɓi kwanon, na yi godiya, na yi mata irin fara'ar rumbu.

Na san daga inda abin ya fito. A gidanmu ba a gaya wa ɗan mishan mummunan labari. Lokacin da Bridger yake Chile, ɓarin jikin kakanmu ya shanye, ba wanda ya gaya wa Bridger sai da ya sauka daga jirgi. Mama tana alfahari da wannan har gobe, ta ce ta kare masa zuciya ya gama aikinsa da hankali ɗaya. To shi teku ne a tsakaninsu. Ni bene ne.

Na gwada Baba. Na same shi a gareji na ce, "Baba, me ke damun Mama?" Ya ce, "Sista Nebeker, ki mai da hankali kan abin da aka kira ki ki yi." Yana faɗa yana ta murɗa wata ƙusa da ta riga ta ɗauru. Bai ɗago ba. Na ga wuyansa ya yi ja.

Shi ya sa nake tunanin in je wurin shugabanninmu, ma'auratan da suke kula da mu, in ce a sallame ni. In ajiye bajon, in koma 'yar gida, a gaya mini gaskiya, in riƙe mata kwano in tana amai kamar yadda ta riƙe mini. Abin da ya hana ni shi ne addu'ar iyali. Duk safiya Mama tana cewa, "Ya Uba, saboda hidimar Sista Nebeker ka dubi gidan nan." Ta jingina lafiyarta a jikin bajona. In na cire shi, kamar na zare mata sandar da take dogarawa ce. In na bar shi, zan ci gaba da jera gwangwanaye duk Laraba, ita tana can ana ɗura mata abin da ban sani ba, ranar Litinin kuma in rubuta mata cewa mako ya yi albarka.

Ban ma san me nake tambayarki ba. In ajiye? In ci gaba da yin kamar ban gani ba? Wani lokaci haushinta nake ji har in kasa cin romon, sannan in ji kunyar haushin. Ina so kawai wani a gidan nan ya kira ni da sunana.

Taki,
Baƙuwa a Ɗakin Sama

*

Baƙuwa,

Digirinki bai tafi a banza ba. Kin karanta kwanukan nan daidai, kuma ba zan ɓata miki lokaci da cewa wataƙila Gwaggon suke zuwa gani ba. Mamarki ba ta da lafiya. Abin da ba ki sani ba shi ne girman ciwon, ni ma ban sani ba. Zai iya fin abin da kike tsoro, zai iya kasawa. A yanzu kina ɗauke da mafi munin zato ke kaɗai, kina tura keken kaya da shi. Ita ce gajiyar da kike faɗa.

Bari in fara da mamarki, tun da ba ta nan ta kare kanta. A cikin matan kwarin nan na tsufa, na san irinta. Mace ce da ta yi shekaru tana kai ƙaramar yarinya asibiti, tana kallon yadda damuwa take tayar mata da ciki. Yanzu yarinyar ta miƙe, tana fita da safe da ƙafafunta, an ba ta aiki da bajo. Kina ganin za ta so ta zama ita ce za ta mayar da ke kwance? Wannan ɗaya. Na biyu kuma, kada ki ɗauka ke kaɗai bajon yake karewa. Sista Nebeker baƙuwa ce mai daraja, ana miƙa mata ƙwai, ana ba ta labarin dusar ƙanƙara, ba a kuka a gabanta. 'Yarta kuwa, in ta kira sunanta ta dubi idonta, ba ta san ko za ta iya ƙarasa maganar ba. Ta ɓuya a bayan bajonki ne. Ban ce ta yi daidai ba, amma na gane.

Ba ta yi daidai ba kuwa. Al'adar ɓoye wa ɗan mishan labarin gida, ko a can inda ta samo asali ina da ja a kanta, kuma zan so in ji ra'ayin Bridger game da saukarsa daga jirgi. Amma aƙalla an yi ta ne don wanda ba abin da zai iya yi sai kuka a ƙasar mutane. Ke kina da lasin tuƙi, kin san hanyar Salt Lake, kin san wace kujerar ɗakin jira ce ba ta kusa da ƙofa mai iska. Duk gidan babu wanda ya kai ki sanin zaman asibiti. A ce an ajiye ki a gefe, Baba yana ƙona ƙwai, wannan ɓarna ce. Haushin da kike ji yana kan hanya, ki daina jin kunyarsa.

Kada ki nemi sallama. Ba don ajiyewa abin kunya ba ne. In nan gaba jinya ta yi nauyin da ba za ki iya haɗa biyu ba, ki ajiye da kanki a ɗage, duk wanda ya yi gunaguni ki turo mini shi. Amma yanzu ba wannan ne ciwon ba. Iyalinki sun ɗauko dokokin mishan ɗin yayyenki sun ɗora wa taki, ke ma kin fara yarda cewa ko dai bajo ko dai uwa. Wa ya faɗa? Mishan ɗinki an tsara ta ne don wadda take kwana a gidansu. Zaman gidan yana cikin aikin, ba kuskure aka yi ba.

Ki je wurin ma'auratan da suke kula da ku, a makon nan. Ki gaya musu abin da kika gaya mini, ba sai kin kawo zancen ƙunshin gidan waya ba, ko da yake zai ba su dariya. Ki roƙa a sake miki jadawali, a bar miki Laraba da safiyar Alhamis. Zan yi mamaki ƙwarai in suka hana. Gwangwanaye ba sa gudu.

Sannan ki koma gareji, amma kada ki yi tambaya. Mahaifinki an sa shi ya yi alkawarin shiru, in kika tambaye shi kin sa shi zaɓe tsakanin matarsa da 'yarsa, shi ya sa yake azabtar da ƙusa. Ki gaya masa kawai: na sani, ranar Laraba ni zan tuƙa. Ki tsaya kusa, mai yiwuwa ya nemi abin jingina. Mutumin nan ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Mamarki ma haka. Kada ki tsare ta da hujjoji, kin ga yadda ta yi da ke a shari'ar romo. Ranar Laraba ki riga ta shiga mota, da bajonki a ƙirji. Za ta ce aikinki fa, ki ce shi ne wannan, shugabannina sun sani. Macen da ta yi rayuwarta tana koya wa mutane kada su mayar da 'yan mishan daga bakin ƙofa ba ta da bakin korar ki. Ki yi amfani da wannan ba kunya. In kun hau babban titi, inda ba sai kun dubi juna ba, ki cire bajon ki ajiye a wurin ɗora kofi, inda za ta riƙa ganinsa. Ki gaya mata ba ki ajiye aiki ba, da yamma za ki mayar da shi, amma daga nan zuwa asibiti 'yarta ce take tuƙi. Ba sai kin ƙara komai ba. Tana iya yin fushi. Tana iya yin shiru har ku isa, wannan makon da na gaba. Ki bar ta, ba kowa yake sakin abu rana ɗaya ba.

Game da addu'arta, kada ki taɓa ta. Ni ban san yadda Ubangiji yake lissafinsa ba, kuma ban yarda yana musayar lafiya da jera gwangwani ba. Amma marar lafiya yana da haƙƙin riƙe abin da ya samu ya riƙe. Ba sandar za ki zare mata ba, matso mata da ita za ki yi. Ke dai kada ki ɗauka cewa warkewarta a ƙirjinki take rataye. Wannan kaya ba naki ba ne, kuma cikinki ba zai yafe miki ba. Ki sha maganinki, ki gaya wa likitanki abin da ake ciki a gida, ki kira yayyenki ki sanar da su cewa sirrin ya ƙare, su mayar da ke zauren hira su daina sa uwarsu ɓuya a ɗakin wanki.

Ki kuma mayar wa Sista Jeppson kwanonta da hannunki. In ta karkatar da kai, ki ce mata ta ƙarasa tambayar. Za ki buƙaci matan nan fiye da yadda kike zato, kuma sun gaji da haɗiye magana kamar yadda kika gaji.

Saƙon Litinin kuwa, ki ci gaba da rubutawa in yana faranta mata. Amma ki sauko da shi kicin ki karanta mata da baki.

Ba ki gaya mini sunanki ba, kuma ban tambaya ba. Akwai macen da ta zaɓe shi tun ba ki zo duniya ba, ta kira shi a ɗakunan jira ba adadi don kada ki ji tsoro. Watanni ke nan tana riƙe da shi a baki. Ina jin ta fi ki ƙosawa. Ki ba ta mota, da doguwar hanya, da lokaci.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba mahaifinki hutu, ke kuma ya sauko da ke daga ɗakin sama.

Anti LaRue